Yadda Makaho Zai Sauke Littafin Braille Daga Intanet Har Ya Iso Ƙarƙashin Yatsunsa

Fayil ɗin BRF na farko da na sauke, wato fayil mai ɗauke da littafin Braille, sau uku ina goge shi. Na buɗe shi a Notepad, NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, ta shiga karanto min waƙafi, alamar motsin rai, haruffa biyu-uku marasa kan gado, alamar daidai, sai kuma lambobi a tsakiyar kalma. Na ce shi ke nan, intanet ta yanke a hanya, fayil ya lalace. Na goge, na sake saukewa, abin nan dai shi ne. A karo na uku ne na kira tsohon malamina da ya koya min Braille, na kara masa wayar a lasifikar kwamfuta don ya ji da kunnensa. Ya yi dariya har da tari, ya ce: "Ɗana, wannan ai ba na kunne ba ne, na hannu ne. Lafiyar littafinka ƙalau."

Kusan duk wahalar da mutum zai sha a wannan harka daga nan take. Fayil ɗin BRF an riga an mayar da shi rubutun Braille tun kafin ya zo hannunka. An taƙaita kalmominsa, an yanka layukansa, an raba shafukansa. Ɗinkakkiyar riga ce, awo ya riga ya wuce. Kwamfuta kuwa ba ta san haka ba, tana ganinsa a matsayin rubutu na yau da kullum.

Me ke cikin fayil ɗin

Gidan Braille ɗige shida ne, kamar yadda Louis Braille ya tsara shi a Faransa ya kuma wallafa a 1829. Daga ɗige shidan nan ana samun siffofi 63, in aka haɗa da gidan da babu komai su zama 64. Abin da masu fasaha suka yi shi ne, suka ba kowace siffa harafi ɗaya ko alama ɗaya ta kibod. Saboda haka a cikin BRF na Turanci, alamar motsin rai tana nufin kalmar the, alamar daidai tana nufin for, buɗe baka yana nufin of, rufe baka kuma with. Waƙafi shi ne ɗigo na 6, wato alamar babban harafi. Lamba 4 ita ce aya, lamba 1 kuma waƙafi. Abin da NVDA ta karanto min a matsayin "waƙafi, alamar motsin rai" a farkon littafin, kalmar The ce da babban harafi.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da mu masu ƙirga data za mu so. Shafin da aka saba shi ne layi 25, kowane layi gida 40, wato gida dubu, kusan kilobait ɗaya ke nan. Littafi mai shafin Braille 300 bai wuce kilobait 300 ba, hoto ɗaya da aka turo maka a WhatsApp yana iya finsa nauyi. Littafin sauti mai wannan tsawo kuwa sai ya ci maka megabait ɗari ko fiye.

Mataki na farko: da me za ka karanta?

Ka amsa wannan kafin ka taɓa burauza. In ba ka da na'urar Braille mai ɗaga ɗige, kuma ba ka da inda za a buga maka a takarda, BRF ba shi da amfani a gare ka. Ka nemi littafin a tsarin EPUB, DAISY ko Word, manhajar karanta allo ta karanto maka salin alin.

In kana da na'ura, ka san gida nawa gare ta. Orbit Reader 20 tana da 20, Focus 40 da Brailliant BI 40X suna da 40, wasu kuma 14 ko 32. Canute 360 da ake ƙerawa a Biristol ta Ingila tana da layi tara, kowane gida 40, ita kam shafi take ba ka. Wannan lamba ka riƙe ta a ka, za ka buƙace ta nan gaba.

Sannan ka san irin Braille ɗin da hannunka ya iya. Akwai mataki na ɗaya, inda ake rubuta kowace kalma harafi-harafi, akwai mataki na biyu mai taƙaitawa. Yawancin littattafan manya na Turanci a mataki na biyu suke. A cikin mai taƙaitawar ma akwai sabon tsari na bai-ɗaya, UEB, wanda Najeriya ta karɓa tun 2005, tana cikin ƙasashen farko, Amurka kuwa ba ta fara aiki da shi ba sai 4 ga Janairu, 2016. Ma'anar haka ita ce tsofaffin littattafan Amurka da yawa suna tsohon tsarinsu na EBAE. Bambancin ba mai tayar da hankali ba ne ga labari ko tarihi. UEB ya yar da taƙaitawa tara, irin su ble da com da ation, ya kuma canja wasu alamomin rubutu. Awa ɗaya hannu ya saba. A littafin lissafi ne abin yake zama babba, don Amurkawa na yawan amfani da tsarin Nemeth, wanda sai an koye shi daban.

Mataki na biyu: inda littattafan suke

Bookshare, taskar littattafai ta intanet wadda ƙungiyar Benetech ta Kalifoniya ta buɗe a 2002, ita ce wadda mutumin da ke wajen Amurka zai fi samun shiga. Littattafanta sun haura miliyan, ko da yake ba duka ake buɗe wa kowace ƙasa ba, ya danganta da izinin mawallafa. Kuɗin rajista ma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka duba na ƙasarka a shafinsu. Suna neman shaidar cewa kana da lalurar da ke hana ka karanta bugaggen rubutu, takarda ce da likitan ido ko wani ƙwararre zai sa wa hannu. Braille ɗin Bookshare na'ura ce ke fassara shi nan take, don haka za ka ci karo da ɗan kuskure nan da can, musamman a jadawali da sunayen da ba na Turanci ba.

BARD, shafin sauke littattafan makafi na Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka, yana da Braille mai kyau ƙwarai, wanda mutane suka tsara suka duba. Sai dai na mazauna Amurka ne da 'yan ƙasar da ke zaune a waje. Kada ka ɓata yammacinka wajen cike fom ɗinsu in kana Kano ko Maraɗi. Ɗakin karatu na RNIB, ƙungiyar makafi ta Birtaniya, shi ma mutanen Birtaniya ya fi fuskanta.

Amma akwai ƙofar da ke kai wa ga irin waɗannan taskoki ta halal. A 27 ga Yuni, 2013 aka ƙulla Yarjejeniyar Marrakesh a Maroko ƙarƙashin WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ta fara aiki a 30 ga Satumba, 2016. Ta ba ƙasashen da suka shiga damar mayar da littattafai tsarin da makafi za su iya karantawa ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba, da kuma musayarsu tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya ta shiga a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi wannan sassauci. WIPO na da rumbu mai suna ABC Global Book Service, inda ɗakunan karatu na makafi na ƙasashe daban-daban ke zuba kundin littattafansu. Ba kai tsaye mutum ke shiga ba, sai ta hannun ɗakin karatu ko ƙungiyar da aka amince da ita. Wannan tambaya ce da ta dace ka kai wa reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya na jiharku ko makarantar da ka yi.

Sai Project Gutenberg, wanda ba ya neman rajista ko kobo. Tsofaffin littattafai ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a rubutu na yau da kullum. Babu BRF a can, kai za ka yi abinka, zan zo kan wannan.

Mataki na uku: awo kafin ɗinki

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi kowane tasiri a kan daɗin karatu. A Bookshare, shiga asusunka, nemi Preferences, za ka tarar da zaɓin Braille: mai taƙaitawa ko marar taƙaitawa, UEB ko tsohon tsari, da faɗin layi. Zaɓi faɗin da ya yi daidai da na'urarka.

Ga dalili. A ce na'urarka gida 32 ce, ka sauke fayil mai layin gida 40. Kowane layi zai rabu biyu, 32 a karo na farko, ragowar 8 a na biyu. Ka karanta dogo, ka danna, ka karanta guntu, ka danna, haka har ƙarshen littafi, kamar keken da tayarsa ta lanƙwashe. Na taɓa cinye littafi guda a haka kafin in gane ba dole ba ne, babban yatsana ya fi sauran jikina gajiya. Mai gida 20 ya fi sa'a da fayil na 40, don layin yana rabuwa kusan biyu daidai. In kuwa fayil ɗin daga wurin da ba a ba da zaɓi ya fito, ka duba littafin jagorar na'urarka, wasu na da saitin da ke haɗe layuka da matse guraben da babu komai.

Mataki na huɗu: saukewar kanta

Zan yi bayani da NVDA a kan Windows, tunda kyauta ce kuma ita ce a yawancin kwamfutocinmu. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka kafa ƙungiyar da ke kula da ita. Mai JAWS, wata manhajar karanta allon, zai tarar yawancin maɓallan iri ɗaya ne.

Bayan ka shiga da sunanka da kalmar sirri, danna E don ka faɗa akwatin bincike, danna Enter, rubuta sunan littafi ko na marubuci, sake danna Enter. Idan sakamako ya fito, yi amfani da H kana tsallakawa daga kanu zuwa kanu, don yawanci kowane littafi kanu ne. In shafin ya cika da tarkace, Insert da F7 zai jero maka duk mahaɗan da ke ciki, ka danna harafin farko na abin da kake nema. In ka danna H ka ji NVDA tana rubuta harafin maimakon tsallakawa, har yanzu kana cikin akwatin rubutu ne, danna Escape ko Insert da Space.

A ƙarƙashin littafin akwai akwatin zaɓin tsari. Tabbatar ka ji BRF kafin ka danna Download. Sau da yawa ba nan take fayil ke zuwa ba, sai an haɗa maka shi tukuna, za ka same shi a My History in ya kammala. Ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Yawan danna maɓallin ba ya ƙara masa sauri.

A wasu shafukan kuma mahaɗin yana kai wa kai tsaye ga fayil ɗin BRF. In ka danna Enter a kansa, burauza na iya buɗe shi a matsayin shafi, ka ji ana karanto maka wancan shirmen da na ji. Koma baya da Alt da kibiyar hagu, tsaya a kan mahaɗin, danna Shift da F10, ka zaɓi Save link as. Kafin ka amince, saurari sunan fayil ɗin har ƙarshe. In burauza ta liƙa masa .txt a wutsiya, goge shi, sunan ya ƙare da .brf.

Control da J zai nuna maka jerin abin da ka sauke a Chrome da Edge da Firefox. Nan za ka ji ko ya kammala ko ya tsaya a hanya.

Mataki na biyar: kwance ƙunshi da adanawa

Yawanci littafin na zuwa a ƙunshin zip. Danna maɓallin Windows da E, shiga Downloads, tsaya a kan ƙunshin, Shift da F10, Extract All, Enter. Windows na barin ka leƙa cikin zip kamar folda, wannan kan ruɗi mutum ya zaci ya kwance. Wasu na'urorin Braille ba sa buɗe zip, don haka in ka kwafe shi a ƙunshe, za ka je ka tarar babu littafi.

Abu ɗaya ka gyara sau ɗaya ka huta. Windows na ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka kasa bambance zip da brf da txt ta kunne. A cikin File Explorer, ƙarƙashin View, kunna File name extensions.

Littafin da aka tsara don takarda yakan zo kashi-kashi, juzu'i uku ko biyar ko goma sha biyu, kowane da fayil ɗinsa, sunayen kuma lambobi ne kawai. Buɗe sabuwar folda da Control, Shift da N, sa mata sunan littafin, ka zuba su ciki. Canja sunaye da F2, kuma ka fara da 01, 02, 03. In ka rubuta 1, 2, 3, wasu na'urori za su jera juzu'i na 10 kafin na 2, ka tsinci kanka a ƙarshen labari ba ka san yadda aka yi ba.

Mataki na shida: kai shi ga yatsu

Hanya mafi sauƙi ita ce na'urar da ke karatu da kanta. Orbit Reader tana amfani da memori na SD. Zare shi, sa a kwamfuta, kwafi foldar da Control da C, liƙa da Control da V. Kafin ka zare, danna Windows da B ka nemi Safely Remove Hardware, ko ka tsaya a kan memorin ka zaɓi Eject. Wannan ɗan jinkirin ya fi a ce memori ya ruɗe da littattafai hamsin a ciki. Mayar da shi na'ura, buɗe fayil, shi ke nan. In an ɗauke wuta ma kai da littafinka kuna nan, ba kwamfuta, ba fitila, ba wanda ka dama.

Nan wutsiyar .brf ke da muhimmanci. Na'urorin da ke fassara rubutu zuwa Braille da kansu suna gane BRF ta sunansa, sai su bar shi yadda yake. In sunan ya ƙare da .txt, sai su sake fassara abin da aka riga aka fassara, kamar a sake dafa dafaffen tuwo. Alamar da za ka gane haka ta faru ita ce alamar lamba tana ta bayyana a tsakiyar jimla inda ya kamata a ce waƙafi ne ko aya.

Hanya ta biyu ita ce karantawa a kwamfuta, na'urar tana jone da ita. Tsaya a kan fayil, Shift da F10, Open with, Notepad, ka kashe Word wrap. Sai ka hana NVDA fassarawa: Insert da N, Preferences, Settings, Braille, a Output table ka zaɓi teburin Braille na kwamfuta na Amurka mai ɗige takwas. Kashe murya da Insert da S, in ba haka ba za ta cika maka kunne. Idan an rubuta fayil ɗin da manyan haruffa, za ka ji ɗigo na 7, wato ƙarin ɗigon da na'ura ke da shi a ƙasan gida, a ƙarƙashin haruffa. Ba kuskure ba ne, yatsa kan koyi ƙyale shi. Don kada ka riƙa canja tebur kullum, buɗe Notepad, danna Insert, Control da P, ka ƙirƙiri saiti na musamman da zai riƙa tashi duk lokacin da kake cikin Notepad kaɗai.

Hanya ta uku takarda ce. In za ka kai a buga maka a makaranta ko cibiyar da ke da injin buga Braille, irin na kamfanin Index na Suwidin, ka faɗa musu faɗin layi da yawan layukan fayil ɗin. Gida 40 da layi 25 na babbar takarda ce mai inci 11 da 11.5, A4 ba ta ɗauka. Kada a buɗe shi a Word, zai wargaza yankan shafi. Kuma a fara buga shafi biyu ka shafa tukuna. Takardar Braille ba ta da arha, kuma goge ɗige ba shi da sauƙi.

Game da rabawa: fayilolin Bookshare na ɗauke da alamar wanda ya sauke su, kuma ƙa'idarsu ta hana a miƙa wa wani. Na san yadda zuciya ke so ka tura wa aboki a zauren WhatsApp, musamman ganin ƙarancin littattafai a wurinmu. Amma asusunka za a rufe. Ka taimaka masa ya yi tasa rajistar, ya fi masa ɗorewa.

In littafin ba ya nan a BRF

Ka yi naka. BrailleBlaster manhaja ce kyauta daga APH, gidan ɗab'in makafi na Amurka da ke Luwibil. Buɗe fayil ɗin EPUB ko Word ko rubutu zalla a cikinta, saita tsari da faɗin layi, ka adana a matsayin BRF. Duxbury ta fi ta daɗewa da yawan harsuna, amma ta kuɗi ce. Akwai kuma RoboBraille na ƙasar Denmak, inda za ka ɗora fayil a shafinsu su aiko maka da shi ta imel.

Ga rubutun Hausa sai an yi hattara. In ka ba teburin Turanci mai taƙaitawa rubutun Hausa, zai bi yana taƙaita duk inda ya ga sh da in da ar da en, sai "shinkafa" ta fito da taƙaitawa biyu a jere. Ana iya karantawa, amma da wahala, kuma yaro mai koyo zai rikice. Zaɓi marar taƙaitawa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma teburin Turanci bai san su ba, yakan fitar da jerin alamomi da lambobi a madadin harafi ɗaya. Gwada da jimla guda mai ɗauke da duka ukun, irin "ɗan ƙauye ya ɓata", ka shafa abin da ya fito. In ya fito a hargitse, yi amfani da Control da H a Notepad ko Word ka musanya haruffan kafin ka fassara, ko da siffar da malamanku suka koya muku, ko da b, d da k zalla in kai kaɗai za ka karanta.

BRF na Larabci kuwa, ko na Alƙur'ani ko na wani littafin addini, ba ya buƙatar wani saiti daban tunda an riga an fassara shi, matakan nan dai su ne. Daga hagu zuwa dama ake karanta shi, kamar kowane Braille.